Yini Ɗaya Ba Ƙarya

Malama ta ɗora wa takarda ta talatin da takwas maki bakwai, ta jawo ta gaba tana murmushi. Aikin da ta fi ji da shi ke nan a darasin addini, falsafa da ɗa'a na 'yan ajin ƙarshe: kowa ya yi yini ɗaya cur bai yi ƙarya ba, ya rubuto abin da ya gani. Shekara tara tana bayar da shi, kuma duk shekara amsoshin kamar daga tukunya ɗaya aka kwaso su. Wannan ya gaya wa innarsa gishiri ya yi yawa, aka yi dariya. Wancan ya amsa shi ya fasa kofi, aka shi masa albarka. Kowa ya ƙare da cewa zuciyarsa ta yi sanyi.

Takarda ta talatin da tara suna kawai ke kanta. Ta yarinyar nan ce ta layin gaba, wadda 'yan aji ke kira Alƙaliya saboda ba a gama darasi ba ta ce "amma Malama" ba.

Da aka tashi tara, Malama ta sa aka kira ta ofishin malamai. Fanka na ta ƙugi, sauran malamai sun fita shan iska.

"Alƙaliya guda, yau an rasa ta cewa? Ko mantawa kika yi?"

"Na yi aikin, Malama. Rubutawa ce na kasa."

"To zauna, ba ni labari."

Yarinyar ba ta zauna ba. Ta ce yayanta ya bar karatun likita tun bara, ya koma koyon kafinta. Kullum da safe yakan fita da farar riga a jaka, ya dawo da ita a ninke. Ita da Umma sun sani, suna jiran ranar da za su lallaɓa Baba.

"Ran Asabar muna karyawa, Yaya ya fita, sai Baba ya ce, 'Wai ke, me ya sa hannun yayanki duk kanta kamar mai faskare?' Da wasa ma ya faɗa. Da na ce ban sani ba, shi ke nan, an wuce wurin."

"Sai kika faɗa."

"Ke kika ce ko 'ban sani ba' ƙarya ce idan mutum ya sani."

Malama kuwa ta faɗi haka a aji. Har a allo ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi, tana jin daɗin yadda jimlar ta fito.

"Yanzu ina yayan naki?"

"A shago yake kwana, cikin katako. Baba ya ce kada ya sake taka masa gida. Umma kuma kwana huɗu ke nan ba ta kira sunana ba, sai dai ta ajiye mini abinci a ƙofar ɗaki."

Malama ta buɗe baki. Tana da maganganu a shirye, na malaman addini da na masana falsafa, wanda ya ce gaskiya wajibi ce ko me za ta jawo da wanda ya ce a duba sakamako. Duk ta koyar da su, babi na shida. Kunya ta hana ta furta ko ɗaya. Ta dubi tarin takardun da ta gama yabawa, ta san sarai yawancinsu a kan benci aka ƙirƙiro su kafin a buga ƙararrawa. Ta daɗe da sanin haka, bai taɓa damunta ba.

"Ba faɗa na zo yi ba, Malama," in ji yarinyar. "Tambaya ɗaya ce. Ke ranar da kika yi naki, da abin ya ɓaci, yaya kika gyara? Shi nake so in yi."

Idonta a bushe, ta buɗe littafi, ta cire murfin biro, tana jira kamar a aji.

Malama ta ji amsa mai daɗi ta taho har bakinta, labarin ƙirƙira da ƙanwa a ciki da sulhu a ƙarshe. Ta haɗiye ta.

"Ban taɓa yi ba," ta ce.

Yarinyar ta dube ta. Sannan ta mayar da murfin biron a hankali.