Shuɗin Yaran Sir Piers

Washegarin ranar da aka cire wa Maurice Hepworth yanar idon hagu, ko shayi bai tsaya sha ba. Yana ɓare bandejin ya kama matakala zuwa ɗakin sama, inda sojojinsa suke.

"A hankali, janar," in ji matarsa Glenys daga kicin. "Ba inda za su. Dalma ce."

Dalma ce kuwa. Kowanne bai fi gaɓar babban yatsa ba: 'yan baka, masu mashi, mahaya cikin sulke, jere a kan kantar katako bayan gilashi. Rabin rayuwarsa Maurice ya yi yana shafa musu fenti da burushin da gashinsa bai kai na gira ba. Duk Talata da rana, shi da abokinsa Len Oddie sukan shimfiɗa koren bargo a tebur, su sake gwabza yaƙin gadon sarautar da aka yi a zamanin da tsakanin gidan York da gidan Lancaster, da 'ya'yan ludo da tef ɗin awo. Maurice na York ne, Len na Lancaster. Sai dai an daɗe rabon da a shimfiɗa bargon.

Ya tsaya gaban rundunar da ya fi ji da ita, yaran wani barde da ake kira Sir Piers Ormscliffe. Sai ya ja da baya.

Shuɗin rigunansu kamar zai tsone ido. Irin shuɗin robar sharar da hukumar garin Selby ke rabawa gida-gida. Ya rufe sabon idon da tafin hannu, ya duba da tsohon: ga su nan yadda ya san su, shuɗi mai natsuwa, mai dattako. Ya buɗe. Robar shara.

A zamanin yaƙin nan kowane babban gida yana da launin rigar da yake ɗinka wa yaransa, don a gane na wane ne a filin daga. Littattafan masu wannan wasa duka sun ce Sir Piers ja da shuɗi ya yi. Maurice ya bi sawun maganar kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Ya tarar wannan marubuci daga wancan ya kwafa, wancan daga wani limamin coci na zamanin kakanni, shi kuma limamin bai faɗi inda ya samo ba. Mai hankali da ya kai nan sai ya yi dariya ya ɗauko duk kwalbar da ta fi kusa da hannunsa. Amma Maurice tsohon mai haɗa magunguna ne, bai yarda akwai abin da ba ya aunuwa ba. Ya ce idan littafi bai san irin shuɗin ba, marina ta sani. Ya shuka ganyen rinin mutanen da, ɗan'uwan baban rini, a bayan gida. Ya tsuma shi da fitsari a tsohon baho, har maƙwabta suka daina shanya a ranar da iska ta juyo. Ya rina ƙyallen ulu, ya zauna makonni yana dama fenti har ya ga sun zama ɗaya.

Yanzu ya jawo aljihun tebur ya ɗauko ƙyallen. Ya kara shi da rigar wani ɗan baka. Ko makaho ya shafa ya san ba danginsu ɗaya ba. Ƙyallen shuɗi ne mai sanyi, mai ratsin toka, kamar sararin sama kafin ruwa ya sauko.

Ya san wannan launi. Ya taɓa ganin an yi shi, ya kira shi toka a gaban jama'a.

Lokacin da ƙungiyarsu ta masu wasan sojojin dalma za ta baje kolin wasa a zauren coci ne. Suka raba yaran Sir Piers biyu, rabi Maurice, rabi Len. Len ya kawo nasa saura kwana kaɗan, cikin gwangwanin biskit, yana ta murmushi. Maurice ya duba, ya ce a gaban 'yan ƙungiya, "Waɗannan makoki za su ko yaƙi?" Aka yi dariya, har da Len. Da a nan ya tsaya, da ba komai. Amma da aka bar masa gwangwanin, sai ya juye mutanen Len cikin ruwan wanke fenti, ya goge su da tsohon burushin haƙori har dalma ta fito fes, ya sake shafa musu nasa shuɗin. A wurin masu wannan wasa, gara ka kwana da motar mutum ba izini da ka wanke masa fenti. Ran baje koli Len ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ajiye. Ya zuba 'ya'yan ludonsa a aljihu ya fita. Bai sake hawa matakalar nan ba.

Glenys ta shigo da kofin shayi, ta same shi zaune da ƙyalle a cinya.

"Glenys, wane launi kike gani a nan?"

"Wanda nake gani kullum. Kamar an tsoma su a ruwan wankin masai."

"Kin sani? Tun can?"

"Kowa ya sani, Maurice. Har mai kawo wasiƙa sai da ya tambaya."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Ka ce ni ban karanta littattafan ba." Ta dire kofin. "Likita ya ce yanar nan ta daɗe tana rina maka duniya kamar ruwan shayi. Kai kuma ka yi ta ƙara shuɗi kana cewa mu ne ba mu da ido."

Abin da ke cikinsa ɗaya ne: Talata. Tun da Len ya tafi ya gwada wasa da samarin ƙungiya, masu duba dokar wasa a waya, masu kiransa "Mista Hepworth" kamar suna gaida hoto a bango. Ba wanda ya san yadda ake zagin sarkin York da zagin da zai yi daɗi. Yanzu ga hujja a hannunsa cewa shi ne da laifi, kuma ya ɗauka hujja tana gyara komai, kamar yadda ya ɗauka game da bahon fitsari.

Ya sa baƙin tabarau da likita ya ba shi, ya hau bas zuwa unguwarsu Len.

An jima kafin a buɗe ƙofa. Len ya rame, rigar sanyinsa ta yi masa yawa, hannunsa na dama cikin aljihu.

"A'a! Farfesan fitsari da kansa. Wa ya mutu?"

"Ba kowa. An yi min aikin ido."

"To, barka. Ka ga kanka a madubi? Yi haƙuri, haka muke fama da kai tun da daɗewa. Shigo, kana sako min sanyi."

Suka zauna a kicin. Len ya nuna butar shayi da haɓa. "Kai za ka haɗa. Madara na firji." Maurice ya haɗa, bai kawo komai a ransa ba, don bakinsa cike yake da jawabin da ya tsara a bas. Ya shimfiɗa ƙyallen a tebur.

"Len, shuɗinka ne daidai. Dubi. Wannan shi ne ainihin rinin, kuma shi ka yi. Ni ne ban gani ba."

Len ya leƙa ƙyallen, ya yi tsaki mai haɗe da dariya. "Ainihin rinin wa? Naka dai, na bayan gidanka. Kana tsammanin marinin Sir Piers ya zauna yana auna fitsari da cokali? Rabin mutanen nan ma na rantse rigar yayyensu suka sa, ruwa ya dake ta, laka ta bi ta kai. Ni kwalbar da ta rage a shago na saya, an yi mata ragi."

"Duk da haka ka dace."

"Na dace. Sai a ba ni lambar yabo."

"Zan wanke su duka, nawa da naka, in mayar da su launinka. Ko kuwa," Maurice ya matso, muryarsa ta ɗan ɗaga, "in wanke naka in kawo maka, ka sake yi da hannunka. Ni ba zan ce uffan ba. Sai mu kafa su ran Talata, in kore ka har kogi kamar yadda na saba."

"Yaushe ka taɓa kore ni, tsohon maƙaryaci?"

Ya faɗa da dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Sannan ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a tebur.

Hannun bai tsaya ba. Yana ta kaɗawa shi kaɗai, babban yatsa na murza manuni kamar mai murza zare, har cokalin da ke cikin kofi ya kama ƙara. Len yana kallonsa kamar karen maƙwabci da ya shigo gida.

"Ya fara ne tun kafin baje kolin nan," ya ce. "Ban gaya wa kowa ba. Mutanen nan da na kawo maka a gwangwani, da safe kawai nake iya yi, in na sha magani, in danne wannan hannun da wancan. Wata rana ɗamarar soja ɗaya zan zana in haƙura. Na san su ne na ƙarshe. Shi ya sa na yi musu har ƙwayar ido, ban sani ba ko ka lura."

Maurice bai lura ba. Ya tuna ruwan wankin yadda ya yi kauri ya koma launin toka, da yadda ya tuttular da shi a magudanar bayan gida yana fito.

"Da ka gaya min..."

"Da na gaya maka, sai ka bar su don tausayi, ka tura su layin baya inda ba mai gani. Ni kuwa so na yi a kafa su don sun yi kyau." Ya mayar da hannun aljihu. "Sun yi kyau, Maurice."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ba ka taɓa ganinsu ba."

Shayi ya huce. A waje wata mota ta wuce tana fantsama ruwa. Maurice ya lalubi abin faɗa, ya ga duk abin da ya zo da shi ƙyalle ne.

"Ba sai ka yi fenti ba," ya ce daga baya. "Ka zo kawai. Ni zan riƙa matsar maka da mutane, in jefa maka ludo."

"Ka matsar da naka, ka matsar da nawa, ka jefa naka, ka jefa nawa. To ni me zan zo yi? Cin biskit ɗin Glenys?" Len ya girgiza kai. "Na gwada a nan ni kaɗai. Na kai hannu zan ɗauki ɗan tuta, na share rabin runduna ƙasa. Ba na son kowa ya ga wannan, balle ɗan York."

Ya miƙe da ƙyar, ya ce Maurice ya biyo shi. A ƙarƙashin matakala akwai akwatunan kwali uku, an ɗaure da igiya.

"'Yata tana son in koma wurinta a Hull kafin hunturu. Ta ce ba wurin tarkace. In na bari, juji za ta kai su. Ɗauki."

"Len, wannan Lancaster ce gaba ɗaya."

"Na san abin da ke ciki, ni na zuba. Sharaɗi ɗaya: ko fenti ya ɓare, ko ka karanta a wani littafi cewa kore ya kamata, kar ka taɓa."

"Ba zan taɓa ba."

"Ka rantse da bahonka."

A shekarun da suka yi tare, ko mahayi ɗaya na Lancaster Len bai taɓa barin ya kwana a gidan wani ba. Duk Talata sai ya ƙirga su ya naɗe cikin auduga ya tafi da abinsa. Wanda ya ba da rundunarsa ya gama yaƙi ke nan, wannan ko a wane littafi haka yake.

Tasi ya kira, don akwatunan sun fi ƙarfin bas. Len bai raka shi waje ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Gaida Glenys. Ka ce mata ta yi haƙuri, yanzu za ka ga ƙurar da ke kan kantar sojojin."

Glenys na tsaye a zaure lokacin da direba ya shigo da akwati na ƙarshe. Ta dubi kwalayen, ta dubi mijinta.

"Ya ce zai zo?"

Maurice ya zauna a kan matakala, bai cire kwat ba.

"Ya aiko da mutanensa," ya ce.

Ta koma kicin ta rage wutar girki, shi kuma ya ci gaba da zama a wurin, akwatunan na gabansa a ɗaure.