Aikin da Bilki Ta Zana

—kuma ni kaɗai aka kira, Zaituna. Yara hamsin da wani abu a ajin, uban Bilki kaɗai aka ba takarda. Me 'yar shekara bakwai za ta yi har a kira ubanta? Na bar wa abokin sana'ata Abdulmutallib teburin nama a kasuwar Treichville, na wanke hannu sau uku, har yanzu ƙarni nake ji. Bencin nan na yara ne, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata.

Wai gwaji ne. Wata madam ta zo lakwal ɗinsu, makarantar nan, da katuna masu hotuna, likita, direban jirgi, tela, mai gini. Kowane yaro ya zaɓa. Sai tambayoyi: kina son wasa ke kaɗai ko cikin yara? Idan wani ya faɗi, me za ki yi? Daga nan a zana aikin da za a yi in an girma. Yaro da ko haƙoransa ba su gama fitowa ba... wa ya san abin da zai zama? Ni wa ya tambaye ni? Wuƙa aka miƙo mini, na karɓa.

Da safe sai da na je Adjamé wurin Yaya Delu. Ta ce irin waɗannan matan haka suke farawa, da murmushi, sai su rubuta namiji ba ya iya riƙon 'ya mace shi kaɗai, sai mota ta zo. Ta ce ka kawo mini ita tun kafin su karɓe ta. A cikin gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, har muka haye gada, amsa nake haɗawa da ɗan faransancina. Na tabbata wuƙa ta zana. Jini, kan saniya. Zan ce madam, mu mahauta ne, abin da take gani ke nan, ba taɓin hankali ba ne, ba dukanta nake yi ba, ni nake kai ta kitso, ni nake—

Madam ɗin ba ta ma ɗaga murya ba. Ta ce, Mushe Sha'ibu, wato Malam a faransancinsu, 'yarka tana da natsuwa, tana lura da komai, tana tausayin mutane. Irinsu ne ke zama masu jinya. Amma duk katunan ta ture, ta ce nata babu a ciki. Sai madam ta miƙo mini zanen, ta ce duba, bari in kira ta daga aji.

Ga shi a cinyata. Babu wuƙa.

Tabarma. Wani abu dogo a kai, ta bar shi fari, ba ta shafa masa launi ba. Saniya ce? A'a... saniya ba ta kwanciya a miƙe haka. Bokiti shuɗi, irin namu, har da igiyar da na ɗaure masa a madadin mariƙi. Cikin ruwan ta ɗiga kore, kore, kore. Mace tsaye ta naɗe hannun riga. Ƙofa a rufe, Bilki ta danna fensir a kanta har takardar ta kusa hujewa.

Ganyen magarya.

Wa ya gaya mata ana sa magarya? Ai ba ta nan. Na rantse ba ta nan, kina cikawa na ce Yaya ta ɗauke ta, tun kafin mata su cika gidanmu na Belleville, haka ake yi, yaro ba ya ganin wannan, haka aka yi mini da uwata ta rasu. Yaya ta ja hannunta har bakin titi — takalmi. Bilki ta dawo ɗaukar takalminta ɗaya. Na tuna. Ina zaune cikin maza na ga ta wuce da gudu, daidai lokacin da Iya Sa'a mai wanka ta shiga ɗakinmu da bokitin, aka ja ƙofa. Minti nawa Bilki ta yi a cikin gidan? Ban tashi ba.

Mamanki ta tafi Tahoua ganin dangi. Ni na faɗa wa Bilki haka, da bakina. Wata bakwai ke nan ina faɗa. Ran Juma'a in kara waya a kunne, alo, alo, layin Nijar ba kyau, Bilki, sai wani satin. In sayo alewa a Adjamé in ce saƙon Mama ne, direba ya kawo. Na gargaɗi duk matan gidan kada wadda ta yi suɓutar baki. Na ce sai ta yi wayo. Sai ta kai goma. Sai na... sai na iya.

Akwai rubutu a ƙasa, da hannunta, haruffan suna hawa suna sauka. Aji huɗu na yi, sai na bi da yatsa. Wadda... ake bari... ta shiga.

Wadda ake bari ta shiga.

Ya Allah. Ba likita ba, ba tela ba. Iya Sa'a take so ta zama. Don ita kaɗai aka buɗe wa ƙofa, ita ta taɓa ki ƙarshe.

Zaituna, in na ba ta alewar, me take cewa? Na gode, Baba. Kullum haka. Ba ta taɓa cewa a gaida Mama ba. Ba ta taɓa tambayar yaushe za ki dawo ba, ko sau ɗaya, ni kuwa ina cewa Alhamdu lillahi, yarinya mai haƙuri. In na yi alo, alo, tsayawa take tana kallona, ta ɗora hannu a gwiwata har in gama. Tana lura da komai, in ji madam. Tana tausayin mutane.

To wa ke riƙon wa a gidan nan?

Mota nake tsoro. Da motar ce ma, na san abin da zan ce musu. Wannan fa? Da wane harshe? Faransancina bai kai ba, da Hausa kuwa kalmar guda ce, kuma tun ranar ban furta ta a kanki ba. In na faɗa, kin tafi ke nan. Babu Tahoua. Babu layi.

Ga tafiya a baranda. Ƙwas-ƙwas na madam, da wani sautin a baya, mai jan ƙafar hagu kamar ke. In kife takardar? In riƙe ta a buɗe? Sun kusa. Zaituna, har yanzu wayar nake lalube a aljihu...