Sallamar da Ban Amsa Ba

Ni dai injin ban-ruwa na sani. Ka kawo min shi ya ƙi tashi, in saurari tarinsa, in gaya maka ciwonsa. Amma kyamara? Ko a waya ban cika ɗaukar hoto ba.

'Yata Ikilima ce ta ja min. Tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karatun tsuntsaye, sai haihuwa ta zo ana dab da miƙa aikin kammalawa. Ta dawo gida wanka. Abin da ya rage mata hoton zalɓe ne, wanda za a ga baki da ƙafafu tar. In babu shi malaminta ba zai sa hannu ba, sai ta maimaita shekara. Uwarta Safara'u kuwa ta ce mai jego ba ta zuwa bakin kogi, ko da jami'ar za ta rushe.

"Baba, kai za ka je," in ji Ikilima.

Ta rataya min wata baƙar aba mai dogon hanci da ta aro a makaranta, maɓallai a jikinta kamar ƙyanda.

"Ka danna wannan maɓallin rabi. In ɗan koren akwati ya hau kan tsuntsun, sai ka ƙarasa."

"Rabi kamar yaya? Noti ai ko a ɗaure yake ko a kwance."

"Baba, rabi dai. Kuma kada ka yi magana, tashi suke."

Da hantsi na gangara ƙasan gada, na wuce masu ɗiban yashi, na tsuguna cikin ciyawa. Ga zalɓe can a tsaye da ƙafa ɗaya, kamar mai jiran mota. Na ɗaga abar. Babban yatsana ya gogi wata 'yar taya, fuskar ta yi fari fat. Na murza baya, ta yi baƙi ƙirin, wasu lambobi suna ta tsalle a gefe. Ban san abin da suke ƙirgawa ba. Da ƙyar kogin ya dawo.

Ina neman rabin nan sai na ji, "Salamu alaikum! Malam Yahuza, yau injin wa ya faɗa ruwa?"

Halliru ne mai kwale-kwale. Na amsa, mana. Ya tambayi gida, ya tambayi mai jego, ya tambayi jinjiri, ya yi barka. Kafin mu kai ga gajiya zalɓe ya kai Lajawa. Koren akwatin da ya ƙi hawa tsuntsu kuwa, ga shi ɗare-ɗare a fuskar Halliru.

"Ɗauke ni mana, tunda ta so ni," ya ce.

"Matsa, kai ba ka da fiffike."

Haka aka yi ta yi. Bakin kogin nan babu wanda ban gyara wa inji ba. Tsuntsu ya sauka, mutum ya ɓullo, in amsa, tsuntsu ya tashi. Na fara zargin ko haɗa baki suka yi.

Rana ta take, wuyana ya ƙage, sai zalɓen ya dawo, kusa sosai. Na danna a hankali kamar mai taɓa miki. Akwatin ya yi yawo, ya hau ciyawa, ya hau ruwa, sannan ya zauna a kan idonsa.

"Salamu alaikum."

Na san muryar. Alhaji Nu'uman ne, mahaifin mijin Ikilima, zai wuce lambunsa. Mutumin da ko a kasuwa na hango shi sai na cire takalmi.

"Salamu alaikum, Malam Yahuza."

Amsar tana bakina, na haɗiye ta. Ya sake, a karo na uku, a hankali. Na danne maɓallin gaba ɗaya. Abar ta kama tatata kamar keken ɗinki, ban san yadda ake tsayar da ita ba, har zalɓen ya soka baki a ruwa ya tashi. Na waiwaya. Bayan rigar Alhaji kawai na hango.

Ina shiga gida Safara'u ta tare ni.

"Me ka yi wa Alhaji? Ya aiko yana tambaya ko ɗansa ne ya yi mana laifi."

Na miƙa wa Ikilima kayanta. Ta ajiye jinjirin a cinya, tana latsa abar tana duba hotunan. Sama. Ciyawa. Ƙafata. Sama kuma. Can ta tsaya a kan wani, ta kawo abar dab da idonta.

"Baba! Har da kifi a bakinsa! Ƙafafun ma sun fito. Ya aka yi ka saita hasken haka?"

"Ban sani ba."

"Wallahi malam zai sa hannu."

Tana dariya tana share ido. Ni kuwa na sa babbar riga na kama hanyar gidan Alhaji. Tun daga ƙofarmu nake juya maganar, na rasa ta inda dattijo zai fara gaya wa dattijo cewa ya ji sallamarsa sarai, tsuntsu ne ya hana shi amsawa.