Wa Ke Noma Nan?

Dorkas na sauke ƙwaryar kunu a bakin gona ta ji muryar mijinta Atu ta tashi.

"Aro na ba ka, Ɗanjuma! Shekarar da ruwa ya cinye taka. Yau abina na zo karɓa."

Ɗanjuma, ɗan ƙanin uban Atu, ko ɗagowa bai yi ba daga kunyar da yake ja. "Je ka Malumfashi ka tambaya, yaya. Sunana ke cikin littafi."

Ba ƙarya ya yi ba. Tsohon littafin gonaki na ajami gida biyu gare shi, na mai gona da na wanda aka ara wa. Da aka kawo sabo na boko, sai aka bar gida ɗaya. Malamin rubuta gonaki da ya zagayo garinsu Ƙarfi bara tambaya guda ya riƙa yi: "Wa ke noma nan?" Wanda ya tarar riƙe da garma, shi ya rubuta.

"Ubana na kwance gindin ɗorawar can," in ji Atu. "Shi ma an rubuta maka shi?"

"In kana so ka tone shi ka tafi da shi."

Atu ya shaƙe shi. Suka faɗi cikin kunya suna birgima, Atu ya gantsara masa cizo a kunne har ya tsinke. Ɗanjuma ya yi ƙara, ya lalubo garma, ya sauke masa a ƙeya. Ya ƙara. Dorkas ta faɗa kan mijinta tana ihu, ta uku ta tsaga mata kafaɗa. Jini ya bi kwarin kunya, ƙasa na shanyewa.

'Yan doka suka tafi da Ɗanjuma ɗaure da igiya. Kafin la'asar an binne Atu kusa da ubansa.

Mai unguwa Sanda ya zo gaisuwa, ya matso kusa da Dorkas, ya rage murya. "Malamin zai dawo gyara littafi. Ƙannen Ɗanjuma kuma sun ce gobe za su shiga gonar."

"Baba, tambayar tana nan yadda take?"

"Tana nan."

"Ana tambaya ko namiji ne ko mace?"

Ya girgiza kai. "Babu gidan wannan."

Dorkas ta ɗaure kafaɗarta da ɗankwali. Matan da ke zaman makoki suna kallo ta ɗauki garmar Atu da hannunta mai lafiya, ta fita. Daga inda jinin ya tsaya ta fara.