Awon Ƙawayen Amarya

Saura kaɗan Auta ta haɗiye maganar, kamar yadda ta saba yi duk lokacin da baƙo ya shigo shagon ɗinkin yayarta.

Kwamfutar shagon ce ta daɗe tana naci a sabunta mata tsari, har Yaya ta gaji ta amince. Tana gamawa, manhajar imel ta sauya kama gaba ɗaya. Saƙon da ke ɗauke da awon ƙawayen amarya goma sha biyu ya yi ɓatan dabo. Ga yadi a shimfiɗe kan tebur, biki saura kwana biyar, amarya kuma wayarta ba ta shiga.

Aka kira mai gyara, wani dogo mai tabarau. Ya duba akwatin saƙonni, ya sake shigar da lambar sirri, ya kashe ya kunna.

"Hajiya, kin tabbata an turo?"

"Da idona na gani, Malam! Ajiye shi ma na yi."

"A ina?"

"Inda nake ajiya mana. Can hagu, ƙasa-ƙasa. Yanzu wurin ma babu shi."

Auta tana lungu tana ɗinka maɓalli, kuma ta san wurin sarai. A shagon nan ba a zubar da ƙyalle. A kwandon da ke ƙarƙashin tebur ake jefa shi, gobe a ciro a yi aljihu. To, ranar da Yaya ta ga hoton kwando a kwamfuta, sai ta ɗauka ma'ajiya ce. Amma da wane baki za ta faɗi haka a gaban baƙo?

"Bari in goge tarkace, har kwandon shara, in sake ɗora manhajar," in ji mai gyara.

Allura ta soki yatsan Auta. "Kada ka zubar da sharar!"

Duk suka waiwayo. Ta sunkuyar da kai, murya ciki-ciki: "A nan Yaya take ajiya."

Mai gyara ya lalubo kwandon inda sabon tsarin ya cusa shi. Saƙo ɗari huɗu, awon ƙawaye a sama. Ya cire tabarau yana goge hawayen dariya.

"Hajiya, shekara nawa kina haka?"

"Uku. Kuma ko ɗaya bai taɓa ɓata ba sai da kuka zo da sabuntawarku."

"Sabon yana kwashe shara da kansa duk wata fa."

"Wa ya aike shi?" Ta juya kan Auta. "Ke kuma, tun ɗazu kin sani kika bar ni ina zufa?"

"Kunya nake ji, Yaya."

"Kunyar wa?"

"Taki."

Yaya ta jefe ta da zare, ta ɗauki almakashi.

Washegari Auta ta riga kowa zuwa, da sabon littafi a hannu. Ta zauna tana kwafe awon a hankali, harafi bayan harafi, har ta iso kan babbar ƙawa, wadda ta turo awon ƙugunta daban har sau uku, kowanne ya fi na baya ƙanƙanta. Auta ta rubuta na farkon.