Ƙunshin da Ke Ƙasan Firiza

Wata ƙara ce ta tashi Arvid Tervo daga barci a wani dare na watan Yuli. Ba haushin kare ba ne, ba kuma jirgin ƙasan da ke ratsa bayan gari ɗauke da hatsi ba. Gurnani ne irin na tsohuwar saniya da ta gaji da tsayuwa, sai wani ƙas-ƙas ya biyo baya, daga nan sai shiru. Shirun ne ya fi damunsa. Gidan nan bai taɓa yin tsit irin haka ba, don kullum akwai wani siririn zuu da ke fitowa daga gareji, wanda kunne ya saba da shi har ya daina ji.

Ya zura silifa ya fita. Firizar tana nan inda take, fara, doguwa, a kwance jikin bango. Ya ɗora kunnensa a kan murfin kamar likita, bai ji komai ba. Ya cire wayar wuta ya mayar, ya ɗan bubbuga mata gefe. Ta mutu.

Bai buɗe ba. Kowa a nan jihar Minnesota ta Amurka ya san in firiza ta tsaya ba a ɗaga murfi, sanyin da ke ciki shi ne jarinka. Amma ko da ba don haka ba, Arvid ba zai tona ta ba. A can ƙasa, ƙarƙashin komai, akwai wani ƙunshin naman sa da matarsa Maxine ta naɗe da hannunta kafin a kai ta asibitin da ba ta dawo ba. Al'adarta ce ta sayo ƙaton yankin nama a kantin sari na Tollefson, ta rarraba, ta naɗe kowane kashi da farar takarda. Da yake Arvid kullum cikin neman tabaransa yake, ba rubutu take yi a jiki ba, zane take yi: kaza, ko kifi, ko saniya mai karkatattun ƙahonni. Duk an cinye, saura saniya guda. Tun da ta rasu, lokacin ƙanƙarar bara waccan, Arvid yake sayayya kamar mai ciyar da gidan mutum shida, yana jibgawa a sama, don kada ranar da hannunsa zai kai ƙasa ta zo.

Da gari ya waye ya buga waya Tollefson. Yarinyar da ta ɗauka ta ce suna da firiza, kuma da araha, sai dai daga wani sito ake kawowa, zuwa mako mai zuwa. Ya yi godiya ya ajiye. Rana ta riga ta fara dukan rufin gareji.

A ƙetaren shinge, maƙwabcinsa Delbert Nyquist yana ba tumatir ruwa. Mutanen layin nan kashi biyu ne, kamar masu bin coci daban-daban. Akwai masu katin Tollefson, akwai masu katin Bigland. Duka biyun manyan kantunan sari ne da ba a shiga sai da katin da ake biya duk shekara, kuma ba a sayar da abu ɗai-ɗai a cikinsu. Arvid na Tollefson ne tun ranar da aka buɗe shi, Delbert na Bigland. Sun fi shekara goma suna gardama a kan shingen nan, kan wa ya fi arahar ƙwai, wa ya fi kyan nama, wa ke cutar mutane da manyan kwalaye rabi iska. Ƙafar Arvid ba ta taɓa taka Bigland ba, kuma yana faɗin haka da alfahari.

Arvid ya daɗe a tsaye yana kallon tumatirin kafin ya ce firizarsa ta mutu.

Delbert ya kashe ruwa. Ya tambayi abin da Tollefson suka ce, Arvid ya gaya masa. Sai murmushi ya bazu a fuskar Delbert a hankali, kamar man shanu a kan burodi mai zafi.

"Mako guda? A wajenmu a ƙasa suke a jere, kamar shanu a kasuwa. Ka nuna, a ɗora maka."

"Ba ni da katinku."

"Ai na sani, tsoho. So nake in ji ka roƙa."

"Del, ƙunshin Maxine yana ciki."

Delbert bai ƙara tsokana ba. Ya naɗe tiyo, ya ce bari ya ɗauko makullin a-kori-kura.

A bakin ƙofar Bigland wani saurayi ya karɓi katin Delbert, ya dubi hoton, ya dubi mai katin, ya sake duban hoton. An ɗauke shi ne tun Delbert yana da gashi. Saurayin ya ce baƙo zai iya shiga tare da mai kati, amma mai kati ne zai biya. Arvid ya shiga yana sunkuyar da kai, kamar kada wani ɗan Tollefson ya gan shi.

Firizojin suna can ƙarshen ginin, kuma Delbert ya rantse babu hanyar zuwa sai ta wajen nama. Ƙarya ce, amma ya yi shekaru yana jiran wannan rana. Ya ɗago faranti ɗaya na yankakken naman sa ya kai wa Arvid har hanci, ya ce ya dubi farashi, ya kuma faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Arvid ya sa tabarau. Farashin ya yi ƙasa da na Tollefson, wannan ba musu. Amma ya juya farantin ya nuna kitsen da aka ɓoye a ƙasa, da jan ruwan da ya taru a kusurwa.

"Kitse da ruwa kuke saye, shi ya sa kuke ganin araha. Kuma dubi yankan, ana iya karanta jarida ta cikinsa."

"Kai kuma kana biyan kuɗin farar hular mahauci. Ciki bai san kauri ba."

Suka wuce gasassun kaji da ke juyawa a bayan gilashi, Delbert ya ce nasu sun fi girma, Arvid ya ce gishiri ne aka ɗura musu. Suka wuce wata dattijuwa mai raga a kai tana raba ɗanɗanon tsiran alade a kan tsinke. Delbert ya karɓa, ya zagaya bayan tarin kwalayen madara, ya cire hularsa, ya dawo ya sake karɓa. Matar ta ba shi ba tare da ta ɗaga ido ba, ta ce masa gobe ma akwai.

Arvid ya so ya yi sauri, amma idonsa ba ya barin abin mamaki ya wuce. Ya tsaya gaban wani bokiti mai murfi da aka ce abincin da ke ciki zai kai shekara ashirin da biyar bai lalace ba. Ya ɗaga, ya girgiza, ya ji wani abu na motsi kamar yashi. Ya tsaya yana tunanin mutumin da zai buɗe shi a wancan lokaci, ko yana da haƙora, ko zai tuna wanda ya saya. Kusa da tayoyin mota kuma ya ga ana tallan akwatin gawa, an yanko kusurwarsa kawai an kafa a bango don a taɓa. Ya shafa. Santsi gare shi kamar murfin firizarsa. Ya ce wa Delbert a Tollefson ba a sa wannan kusa da taya, Delbert ya ce ai duk tafiya ce.

Suka zaɓi firiza, wadda ta ɗan fi tsohuwar girma, don da ita da ƙaramar bambancin kuɗin kaɗan ne, kuma mutumin da ya saba da kantin sari ba ya iya ƙyale irin wannan. Delbert ya biya, Arvid ya ce zai rubuta masa cek a gida. Amma tun da an zo, Delbert ya ce ba zai fita hannu rabbana ba. Ya ɗauki buhun abincin kare, da ƙunshin takardar bayan gida mai tsayin yaro ɗan makaranta, da gawayi.

Saura giya. Shagonta daban yake, da ƙofarsa ta waje. Delbert ya ɗauko kwalbar wuski mai tambarin Bigland, ƙatuwa har da mariƙi, ya rage murya ya ce wani direba ya gaya masa ganga ɗaya ce da mai tsadar nan ta saman kanta, takardar jiki kawai aka sauya. Arvid ya ce su ma a Tollefson haka ake faɗa, kuma shi bai taɓa ganin direban nan ba. Ya dubi farashin, ya daɗe yana duba.

"Giya kam kun fi mu," in ji shi. "Nama kuwa ko a mafarki."

Delbert ya ce wannan ma ya ishe shi, zai sa a rubuta a kan kabarinsa.

Azahar ta gota kafin su fito. Bayan motar ya riga ya cika da buhu da gawayi da tulin takarda, firiza ba ta samu wurin zama daidai ba. Suka kwantar da ita a gefenta, suka ɗaure da igiya, suka kama hanya suna gardamar man mota.

Verna, matar Delbert, tana tsaye a bakin titi lokacin da suka iso. Ita ce aminiyar Maxine, duk da bambancin kati. Ta dubi firizar a kwance, ta dubi mazan biyu, ta nuna wata jar takarda da ke manne a kwalin, daidai inda Delbert ya ɗaura igiya. In aka ɗauko firiza a gefenta, man injin yana gangarawa cikin bututu, sai ta yini ta kwana a zaune kafin a kunna, in ba haka ba injin ya ƙone.

"Ku biyu, kowa da tabarau, ba wanda ya karanta?"

Delbert ya ce takardar bayan gida da ta cinye wuri ce ta jawo. Verna ta ce tun da ta aure shi kullum akwai abin da ya jawo.

Ba sauran jira. Arvid ya ɗaga murfin tsohuwar firizar. Ba wari, sai ƙanshin ɗanyen nama da jiƙaƙƙen kwali. Amma na sama duk ya saki, ya yi laushi, kuma da gani ba daren jiya abin ya fara ba, injin ya kwana biyu yana ja da ƙyar. Naman da sanyinsa, zai ciwu yau, ba zai kai gobe ba.

Verna ta bi gida-gida tana neman wurin ajiye naman. Ko'ina amsa ɗaya: firiza cike take har murfi, ai jiya aka je sari. Sai ta sauya roƙo, ta ce to kowa ya turo murhun gashinsa. Kafin la'asar an jera murahu a kan titin gidan Arvid, gawayin Bigland a ƙasa, naman Tollefson a sama. Hayaƙi ya rufe layin. Aka buɗe ƙatuwar kwalbar nan, aka zuzzuba a kofunan roba. Delbert ya ci yanka ɗaya mai kauri, ya miƙa faranti aka ƙara masa. Arvid ya gani, ya kau da kai.

Shi yana cikin gareji yana ta miƙo kaya. Kaji, haƙarƙari, niƙaƙƙen nama, kifi, wasu ma bai tuna ya saya ba. Firizar tana ta zurfi, har sai da ya kwanta da cikinsa a bakinta kafin hannunsa ya kai. A ƙasa ruwa ya taru, ja-ja, mai sanyi. Ƙunshin yana ciki. Takardar ta jiƙe, tawadar ta bazu, saniyar ta narke saura ƙaho ɗaya da ido. Ya danna da babban yatsa, yatsan ya shiga.

Verna tana bayansa, bai ji zuwanta ba. Ta ce a hankali za ta iya fitar da wani abu daga firjinta ta sa masa wannan, in yana so. Sai dai ya riga ya saki, kuma Maxine da kanta ba ta yarda a mayar da naman da ya narke cikin firiza.

"Na sani," in ji Arvid. "Da ta gani da ta yi mini faɗa tun bara."

Ya fito da shi riƙe a hannu biyu, ruwa na ɗiga a kan silifansa. Masu hira suka rage murya. Ya je murhun kansa, tsoho mai ƙafa ɗaya gajera da aka tokare da bulo, ya warware takardar, ya shimfiɗa ta a kan shinge ta bushe. Gefen naman ya yi fari-fari saboda daɗewa a ƙanƙara. Ya barbaɗa gishiri da barkono kamar yadda take yi, ya ɗora. Ya tsaya a kansa har ya gasu, bai bar kowa ya juya masa ba.

Ya raba biyu, ya ba Verna rabi. Gefen ya bushe, kuma akwai ɗanɗanon tsohuwar ƙanƙara a ciki, amma tsakiyar da daɗinta. Suka ci a tsaye. Arvid ya cinye nasa tas, ya goge wuƙar a wandonsa.

Rana ta yi ƙasa, ta leƙa cikin gareji. Sabuwar firizar tana zaune kusa da tsohuwar, murfinta a buɗe, cikinta fari fat, wayarta a naɗe a ƙasa. Delbert ya matso da kofinsa a hannu, ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa gefenta, ta amsa kamar ganga.

"To, Arvid," ya ce, "gobe in an kunna ta, me za ka zuba a ciki?"

Wani ya juya haƙarƙari, kitse ya ɗiga a wuta. Iska ta ɗan ɗaga takardar da ke kan shinge, Verna ta sa hannu ta danne.