Jak Ɗin da Aka Ƙi Ratayewa

Tun da aka binne matarsa Verna, Cuthbert bai ƙara sanin ɗanɗanon komai ba. Ba baƙin ciki yake ji ba. Da shi ne ma, da da sauƙi. Zuciyarsa ce kawai ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Ya tashi, ya yi wanka, ya ci abin da 'yarsa ta aiko, ya zauna a baranda yana kallon motocin garin Couva suna wucewa har rana ta faɗi.

Da aka watse daga zaman makoki, wata Lahadi da rana ya sa hularsa ya nufi inuwar ƙarƙashin gidan Harrilal tela, gidan da aka ɗora kan ginshiƙai, inda su huɗu suka tsufa suna buga karta. Karta dai suna ce, tsiya ce ke kai su. A teburin nan ba a raga wa kowa: Boysie da tumbinsa, Lennox da haƙoransa na roba, Harrilal da wandunan da yake ɗinkawa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Shi kuwa Cuthbert, sanƙonsa da kunnuwansa sun ciyar da teburin dariya tun yana tuƙin bas. In ka shigo wurin ba a zage ka ba, to kai baƙo ne.

"A'a, Cuthbert! Sannu da zuwa," in ji Harrilal, har da miƙewa tsaye.

Ji fa, wai sannu da zuwa! Mutumin da gaisuwarsa ba ta taɓa wuce "ga tulun nan ya iso" ba. Boysie ya jawo masa kujerar da ba ta girgiɗi. Lennox ya ɗora masa cinyar agwagwa a kan gurasar roti, cinyar da a da sai an kusa dambe a kanta. Ya ci. Da naman da takarda duk ɗaya ne a bakinsa.

Aka raba karta, shi da Boysie ɓangare ɗaya, Harrilal da Lennox ɗaya ɓangaren. Nan da nan baki ya buɗe.

"Boysie, matsar da cikin nan, ka tare mana iska," in ji Lennox.

"Kai dai riƙe haƙoranka, kada su sake faɗawa cikin miya irin na bara."

Aka sheƙe da dariya. Da idanu suka zo kan Cuthbert sai ta mutu murus, Lennox ya tambaye shi ko a ƙara masa ƙanƙara a kofi. Haka aka yi ta yi. Tsiya ta zagaya teburin, ta zo kansa ta yi kwana.

Abin bai yi masa zafi ba, don ba abin da ke yi masa zafi yanzu. Amma ya san abu guda. Gida ya zama kango, a coci kowa kallon tausayi yake masa, nan ne kaɗai ya rage. In a nan ma ya zama abin lallaɓawa, ba shi da sauran wurin zuwa.

Can sai jak, kartar nan mai hoton saurayi, ya faɗo hannunsa. A wasan nan ba abin kunya kamar a rataye maka jak, wato ka sauke shi abokin hamayya ya danne da babbar karta. Wanda aka yi wa haka zai sha tsiya har a layin sayen burodi. Cuthbert ya san babbar tana hannun Harrilal, don tela in ya riƙe ta sai ya hau lasar gashin baki. Da gangan ya sauke jak a gabansa, saukewar da ko sabon shiga ba zai yi ba.

Harrilal ya dubi jak. Ya dubi hannunsa. Ya zaro wata 'yar ƙaramar karta ya ajiye a hankali.

"Ka ci, mutumina," ya ce.

Cuthbert ya miƙa hannu ya kama wuyan hannun Harrilal, ya juya kartocin kowa ya gani. Ga babbar nan zaune daram.

"Wannan fa?"

"Ban lura da ita ba."

"Ba ka lura ba. Kai da kake leƙen kartar mutum ta cikin tabaransa." Muryar Cuthbert ba hawa ba sauka, kamar mai faɗin sunan tasha. "Mutum ɗaya aka sa a ramin nan, Harri. Ina tsaye, na duba. In har da ni kuka rufe, ku faɗa mini in koma gida in kwanta."

Idanun Harrilal suka kaɗa suka yi ja. Ya janye ƙaramar kartar, ya ɗaga babbar ya maka ta a kan jak har kofuna suka yi tsalle.

"Na rataye shege!" ya ce. "Tir da wasa! Kai, Verna ta yi haƙuri a duniya. Shekara da shekaru tana farkawa ta ga wannan kan kamar gwanda mai kunnuwa. Wai likita ya ce zuciya ce. Ƙarya yake, hanyar gudu ta samu!"

Lennox ya toshe baki. Boysie ya sunkuyar da kai. Maganar ta shigi Cuthbert har ƙashi, ta yi masa zafi, zafi na gaske.

"To," ya ce, "ni dai tawa sai da ta mutu ta bar ni. Taka da ƙafarta ta bi mai gyaran firiji."

Boysie ne ya fara fashewa, yana dukan tebur, sauran suka bi. Cuthbert ma ya yi dariya, ya yi ta yi har ta juye masa ta zama kuka, ya kifa sanƙonsa a kan tebur yana kiran sunan matarsa. Ba wanda ya dafa shi, ba wanda ya ce ya yi haƙuri. Harrilal ya tattara kartocin, nasa kumatun ma a jiƙe, ya tura masa su gabansa.

"Ku dube shi, ko kukan ma bai iya ba," ya ce. "Share majinar nan kada ka jiƙa mini karta. Kai za ka raba."